Tururin Taurari da Dakkeren Inna

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, muna idar da salla muka shiga mota. Tun ba mu fita daga unguwa ba hasken wayar Yayata ya ɗauki idona daga kujerar gaba. Na leƙa ta kafaɗarta na ga wani hoto, zobe cikin zobe, ja-ja kamar garwashi, da wani shuɗi-shuɗi a tsakiya. Na ce mata wannan ai faifan jeren amarya ne. Ta ce faifai ne kam, sai dai faɗinsa ya ninka tsakaninmu da rana sau da yawa, shuɗin nan kuma alamar tururin ruwa ce. Daga nan ta miƙo mini wayar ta ce in ƙare masa kallo, tun da ni zan yi wa Inna bayaninsa.

Ku da kuke bibiyata a shafin nan kun san ni da littattafan soyayya, ba ku san ni da taurari ba, don haka bari in faɗa muku abin da ya fito da mu. Yayata malamar kimiyya ce. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin ƙaro karatu a kan ruwan da ke kewaye da sababbin taurari, kuma suna jiran amsarta kafin ƙarshen mako. Mijinta, wanda shi ke tuƙa mu, ya yarda tun tuni. Amma Yaya ta ce ko jirgi ya sauka a ƙofar gidanta ba za ta taka shi ba sai mahaifiyarmu ta sa albarka. In Inna ta hana, gurbin ya tafi.

Matsalar ita ce Yaya 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kallon idonta, ba ta yi mata magana kai tsaye. Tana yaye ta aka kai ta Bodinga hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu marigayi, can ta girma. Har yau in Inna za ta ambace ta sai ta ce “ɗiyag Gwaggo”. Mijin Yaya kuwa suruki ne, ko inuwar Inna ya hango sai ya nemi hanya. Ni ce auta, ni kaɗai nake hawa gadon Inna in ci goronta in yi mata surutu. Saboda haka aka ɗauko ni in zama baki. Na karɓi aikin hannu biyu. Na karanta littattafai da yawa inda ake shawo kan iyaye a babi na ƙarshe, na san yadda ake yi.

Hanyar Bodinga a wannan lokaci na kaka tana da daɗin kallo. An yanke gero, dammuna jingine a gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta. Jakuna suna tafe a gefen kwalta da kara a bayansu har ba ka ganin jakin, sai kara mai ƙafa huɗu. Mijin Yaya ya tsaya shan mai, ya dawo yana ƙunƙuni, ya ce yanzu motar tana ci fiye da shi. Ramukan hanya yana kauce musu kamar mai rawa, ni kuwa ina baya ina karatu.

Ga abin da Yaya ta koya mini, kuma na riƙe shi daram. Tauraruwa ba ta fitowa ita kaɗai. In tana sabuwa, akwai ƙura da iska masu yawa da ke kewaya ta, sun baje kamar faifai, ita tana tsakiya. Daga wannan ƙurar ake samun duniyoyi irin tamu: ƙwaya ta manne da ƙwaya, ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, a hankali har a kai ga duniya. A cikin faifan akwai ruwa. Can gefe, inda sanyi yake, ruwan ƙanƙara ne a jikin ƙwayoyin ƙura. Kusa da tauraruwar, inda zafi yake, tururi ne. Tsakuwoyin da suka ɗauko ƙanƙara daga gefe suna gangarowa ciki sannu a hankali, suna isa wurin zafi sai ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi. Ba wanda ya je can. Manyan madubai na hangen nesa ne, wasu a sararin sama, wasu a kan duwatsun hamada inda iska ba ta da laima, suke kama hasken da ke fitowa, kuma ruwa yana da tasa alama a cikin haske wadda ba ta kama da ta kowa.

Na ce, “Wato ƙanƙarar ce ta baro gida ta biyo masoyinta, tana isa gabansa ta narke.”

Mijin Yaya ya yi dariya har motar ta faɗa rami. Yaya ta ce, “Don Allah, auta, in kin je gaban Inna ban da masoyi.”

Mun isa Bodinga rana ta ɗan ɗaga. A bakin hanya masu albasa sun jera buhuna, ragowar ta bara ce da aka adana, ta yi tsada har mai sayarwa yana faɗin kuɗin yana kallon gefe. A bayan gari kuma na hango fadamu ana gyara kwami, wato fangali, na sabon dashe, ganyen irin ya yi kore shar. Gwaggo ta tare mu da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi. Ita fa ba ruwanta da kunya, Yaya tata ce, ta rungume ta ta ja kumatunta kamar yarinya. Ta ce ita ta yarda tun ba a tambaye ta ba, ko duniyar wata Yaya za ta, a tafi. Amma da muka ce wajen Inna za mu, sai ta ajiye ludayi.

“Uwakku ba ta cewa i, ba ta cewa a'a,” in ji ta. “Ku dai buɗe ido.”

Na ce mata kada ta damu, na shirya jawabi.

Daga Bodinga zuwa Shagari hanya ta ɗan miƙe, muka samu sararin hira. Na tambayi Yaya abin da na san Inna za ta tambaya: ruwan nan yana da yawa? Ta ce akwai faifan da aka auna tururinsa aka ga ya fi duk ruwan tekunan duniyarmu. Na ce yana da nisa? Ta ce hasken da ya kawo mana wannan hoton ya baro can tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba. Na juya ina kallon shanu suna tsallaka kwalta. Saƙon da ya yi ɗaruruwan shekaru a hanya bai ɓace ba, har ya sami mai karanta shi, kuma mai karanta shin Yayata ce da ke zaune a gabana tana ɓare gyaɗa. Wallahi ko a littafi ban taɓa cin karo da abin da ya kai wannan ba.

A Shagari muka ajiye motar a gidan wani abokin aikin mijin Yaya, domin hanyar ƙauyenmu, can wajen Horo Birni, ruwan damina ya cinye ta. Kafin mu tashi na sayi soyayyen kifi na madatsar ruwan garin, an barbaɗa masa yaji, na ce tsarabar Inna ce, rabi kuma ya ƙare a cikina. Muka hau baburan haya, 'yan kabu-kabu. Wanda ya ɗauke ni ya ce in riƙe da kyau, shi ba ya tsayawa ɗaukar abin da ya faɗi. Muka ratsa yashi, muka ratsa kwazazzabo, muka bi ta tsakiyar gonar wani yana ɗaga mana hannu. Na sauka ƙafafuna sun yi tsami, mayafina ya koma gefe guda, amma jawabina yana nan a kaina.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma da ƙwarya a gabanta. Na faɗa jikinta. Yaya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon kaji. Mijin Yaya ya yi gaisuwarsa daga bayan zana, murya ƙasa-ƙasa, yana jin motsin Inna za ta miƙe ya fice zaure har ya bar takalmi ɗaya. Sai da na kai masa.

Da aka yi azahar na zauna kusa da Inna. Yaya ta shige ɗakina na da, ta zauna daga ciki dab da labule, inda za ta ji komai. Inna tana aikin dakkere don baƙi. Ga waɗanda ba su san shi ba, garin gero ne ake yayyafa masa ruwa a murza a ƙwarya, a yi ta juyawa har ya zama ƙananan ƙwayoyi, a turara a madambaci, a sha da nono. Na gyara murya na fara. Na ce, Inna, a can cikin zurfin sama, inda shiru ya yi sarauta, akwai wata jaririyar tauraruwa da ke lulluɓe cikin mayafin ƙura, hawayen ƙanƙara suna gangarowa zuwa ƙirjinta.

Inna ta ɗago ta dube ni. “Auta, lahiyakki? Yi min Hausa.”

Na ji wani tari daga bayan labule wanda na san dariya ce aka danne. Ban karaya ba. Idona ya sauka kan ƙwaryar da ke hannun Inna, gari yana zagayawa, ƙwayoyi suna haɗuwa suna girma. Na ce, “Inna, kin ga abin da ke hannunki? To haka Allah Yake haɗa duniyoyi. Ƙura ce take zagaya tauraruwa, da ruwa a jikinta, tana dunƙulewa.”

Hannunta bai tsaya ba. “In babu ruwan hwa?”

Na juya wajen labule. Yaya ta ce, “Auta, ki ce ana jin ƙanƙarar tana taimaka wa ƙurar ta manne, kuma duniyar da aka haɗa babu ruwa a kusa tana iya fitowa busasshiya.”

Na maimaita, ko da yake Inna ta ji da kunnenta.

“Wanga ko yaro ya sani,” in ji Inna. “Gari ba ya kama kai nai da kai nai. Tambayi ɗiyag Gwaggo, ruwan da taka biɗa, in ta gane shi, wa ka sha nai?”

Can Yaya ta ce, “Ki ce ba wanda zai sha.”

Na so in gyara amsar, in sa mata ɗan zuma, amma Inna ta riga ta ji. Yaya ta ci gaba: “Ki ce ruwan randarta ma ta irin wannan hanyar ya zo. Kafin a yi rijiya, kafin a yi gulbi, yana cikin faifan da ya kewaye ranarmu. Namu faifan ya wuce, ba mai sake ganinsa. Shi ya sa muke kallon na wasu, mu ga yadda Ubangiji Ya tsara abin.”

Wannan karon ban maimaita ba. Inna ta yayyafa ruwa a ƙwarya, ta juya, ta juya. Haka muka yi ta yi har la'asar, tambaya ta bi ta kaina ta shiga ɗaki, amsa ta bi ta kaina ta fito. Ta tambaya ko akwai masallaci a garin. Akwai. Ta tambaya ko mijin ya yarda da bakinsa ko kunya aka sa shi. Da bakinsa. Ta tambaya ko shekara nawa. Da ta ji amsar, sai ta ɗora madambaci a wuta, ta liƙe bakinsa da tsumma, ta zauna tana kallon tururi yana fita ta gefen murfi.

Bayan magariba, Yaya ta tafi gaida maƙwabta, na samu Inna ita kaɗai tana jan carbi. Na kwanta na ɗora kai a cinyarta, dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba tun ina ƙarama. Na ce, Inna, me kika yanke? Ta daɗe tana shafa kaina.

“Na ba da ita sau guda tana jinjira,” ta ce. “Bodinga ta, nan kusa, amma sai da nay yi wata ban ci abincin kirki ba. Kowa bai sani ba. Yanzu kuma ku ce in sake ba da ta, inda ko mota ba ta zuwa.”

Ban taɓa jin Inna ta yi magana irin wannan a kan Yaya ba. Na ce to ki faɗa mata mana. Ta ture kaina daga cinyarta ta ce in tashi in rufe kaji.

Washegari Yaya da mijinta suka hau kabu-kabu zuwa Kajiji gaida dangin mahaifinmu, domin ba a zuwa ƙasar nan a koma ba a leƙa su ba, sai a shekara ana maganar. Ni na ce ƙafafuna ba su warke ba. Tun da sassafe na ji Inna ta aika a kira mata mata biyu na maƙwabta, aka buɗe rumbu aka fito da sabon gero. Aka yi sussuka, aka surfa, aka daka. Tsakar gida ta cika da lugude da hira. Inna ta yi ta murza dakkere ƙwarya bayan ƙwarya, madambaci bai sauka daga wuta ba sai da rana ta take. Duk wanda aka sauke sai ta baza shi a tabarma a kan rumfa, ta sa ni zaman korar kaji da tsuntsaye. Na zauna a inuwa da sanda a hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun. Na tambaye ta ko suna za a yi a gari, ta ce in kula da aikina. Kafin su Yaya su dawo da magariba ta tattare shi tsaf, ya bushe ƙayau, ta ɗure a jakar buhu ta kai ɗaka.

Yaya ta dawo a gajiye, da tsarabar man shanu da ƙwan zabi, ta ja ni gefe ta ce, “Ta ce wani abu?” Na ce tukuna, amma ta bar mini, gobe zan gama komai.

Da safe muka yi shirin komawa. 'Yan kabu-kabu suna jira a ƙofar gida. Yaya ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi sallama, Inna ta ce, “A gaida mutanen Bodinga,” tana kallon turmi. Na ga lokaci yana ƙurewa. A duk littafin da na karanta, a irin wannan wurin ne ake yin ta ta ƙare. Na kamo hannun Yaya na jawo ta har gaban Inna, na ce, “Inna, ga ta nan. Ki dube ta, ki kira sunanta, ki ce kin yarda ko ba ki yarda ba.”

Matan maƙwabta da suka zo rakiya suka kama baki. Ɗaya ta ce, “Ke auta, ba ki da ta ido?” Yaya ta fizge hannunta ta rufe fuska da mayafi. Inna ta miƙe ta shige ɗaki ta saki labule. Muka tsaya cirko-cirko. Can sai hannunta ya fito ta gefen labule da jakar buhun nan, ta ce, “Auta, amshi. Ki ba ɗiyag Gwaggo.” Hannun ya koma.

Tafiyar komawa Shagari duk ranmu a ɓace yake. Ko mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ya lura, ya rage gudu. Da muka shiga mota na rungume jakar a cinyata, na ma manta ta wace ce. Yaya ta jingina kai da gilashi. Wajen rabin hanya ta ce wa mijinta in sun isa gida za ta rubuta wa mutanen can ta ba su haƙuri. Ya ce ta bari a ƙara gwadawa. Ta ce ba lokaci, kuma shirun Inna amsa ce. Ni dai ina baya ina share hawaye, ina jin haushin Inna, ina jin haushin littattafai, ina jin haushin duk wanda ya ƙirƙiro kunyar ɗan fari. Gonakin da suka burge ni da zuwa ko kallonsu ban yi ba.

A Bodinga Gwaggo ta ga fuskokinmu ta ce, “Ta hana?” Yaya ta ce Inna ba ta ce komai ba. Na ba da labarin abin da na yi, Gwaggo ta ɗaga hannu kamar za ta kai mini duka, ta fasa. Sai ta ga jakar.

“Mi na na wanga?”

Na ce tsaraba ce, dakkere, wai a ba Yaya. Ta kwance bakin jakar ta zura hannu ta ɗebo. Ƙwayoyin suka zubo daga tafinta suna ƙara kamar tsakuwa. Ta dube shi, ta dube ni, sai kawai ta rangaɗa guɗa har awakin gidan suka firgita.

“Busasshe na! Ke ɗiyata, tashi! Wa ka shanya dakkere in ba guzuri ba? Ɗanye na baƙo na, a sha yau a ƙare. Busasshe sai mai tahiya mai nisa. Rabon uwakku da yin wanga tun tahiyar babanku Makka.”

Yaya ta durƙusa gaban jakar ta zura hannu biyu a ciki. Ta ɗago ta dube ni, ido jajir. “Auta, yaushe ta yi wannan?”

Na ce jiya, suna Kajiji, ni ma na yi gadinsa wuni guda.

“Kika yi gadinsa? Kika gan ta tana shanya shi, na tambaye ki ko ta ce wani abu, kika ce tukuna?”

Na ce ai ba ta ce ba, shanya ta yi. Lokacin da Baba ya tafi Makka ina goye, wa ya taɓa faɗa mini? Mijin Yaya ya fita waje yana dariya yana share ido. Gwaggo ta ce da an bar ni da bakina da na kashe maganar da aka riga aka gama tun jiya da hantsi. Yaya kuwa ta kifa fuska a kan buhun ta yi ta kuka, irin kukan da na so a yi a gaban Inna. Na samu babina na ƙarshe, sai dai a tsakar gidan Gwaggo aka yi shi, da buhu a maimakon uwa.

Gwaggo ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta ɗebi kaɗan ta jiƙa da ruwan zafi, ta zuba nono, muka sha. Yaya ta hana a ƙara ɗiba. Ta ɗaure bakin jakar da kanta, daga nan har Sakkwato a cinyarta ta zauna. Mun shigo gari ana kiran la'asar, ta ce a wuce da ita gida kai tsaye. Kafin in cire mayafi a ɗakina ta kira ni ta ce ta aika musu ta karɓa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga shi. Na tafi ina ganin in ba a furta so da baki ba, a gaban mutane, da hawaye, to bai cika ba. Har yanzu ina nan a kan cewa da Inna ta rungume Yaya da ya fi kyau, kuma in na rubuta nawa littafin sai ta rungume ta. Amma na ga mace ta buɗe rumbunta, ta wuni a bakin wuta tana murza gari ƙwarya bayan ƙwarya don ɗiyar da ba ta iya kiran sunanta, ni kuma ina zaune a gefe da littafi ina neman soyayya a shafi. Yaya tana karanta ruwa a cikin hasken da ya yi ɗaruruwan shekaru a hanya. Ni abin da ke kan rumfa a gabana ya gagare ni. Ku masu shirin zuwa wajen iyaye neman wata alfarma, ku saurari baki, amma ku riƙa kallon abin da hannu yake yi.

Da yamma na kira Inna a ƙaramar wayarta. Na yi zaton faɗa zan sha, sai ta tambaye ni ko mun sauka lafiya. Na ce lafiya lau, kuma Yaya ta amsa wa mutanen, tafiya ta tabbata.

“Wa ya tambaye ki?” in ji ta.

Ina jin kukan kaji ta cikin wayar, da wata maƙwabciya tana sallama. Har na yi zaton ta ajiye, sai ta ce, “Malamin makarantag ga ya ce garin da sanyi, har ƙanƙara ka zuba. Ki ce ma ɗiyag Gwaggo ta riƙa ruhe kunnuwanta. Tun tana jinjira sanyi ta kunne yaka kama ta.”